Malam Ƙamus da Kwalbatin Bakin Tsamiya

Akwai wani matashin malamin firamare mai suna Haladu a wani ƙauye na ƙasar Gwaram, ba nisa da Maruta. Zamanin da nake ba ku labari shi ne lokacin da arzikin man fetur ya fara shigowa, ko'ina ka duba ana buɗe makarantu ana fasa sababbin hanyoyi.

Haladu ne mutum na farko a garin da ya yi karatun boko mai nisa. Ya yi makaranta a Birnin Kudu, ya wuce Kano ya yi kwalejin horon malamai, ya dawo gida da takardar shaida da sabon keke da wani ƙamus na Turanci mai kauri kamar bulo. Maganar gaskiya ya iya Turanci, kuma a aji ba shi da wasa. Aibinsa guda ɗaya ne, kunnensa ba ya jin kuskure bakinsa ya yi shiru.

Idan ka ce masa za ka asibiti, sai ya tsayar da kai a tsakiyar hanya ya ce "hospital" ake cewa, ko da kuwa ciwon ciki ne yake murɗa ka. Mai facin keke ya taɓa cewa a miƙo masa sukuddireba, sai da Haladu ya sa shi ya maimaita kalmar sau bakwai, taya tana kwance tana jira. Wanda ya ce "ayam kamin" alhali tafiya zai yi, sai ya riƙe masa hannun riga ya ce, "To zuwa kake ko tafiya? Zaɓi ɗaya." Wanda kuwa ya ce "boro mi" yana nufin a ara masa abu, ranar ya shiga uku.

Ba a daɗe ba gari ya raɗa masa suna Malam Ƙamus. Shi kuwa murna ya yi, ya ɗauka yabo ne.

Wanda ya fi kowa shan wannan gyara shi ne Baba Dogara. Dattijo ne, tsohon soja da ya je Bama a Yaƙin Duniya na Biyu yana saurayi. Da ya dawo ya kama tuƙin babbar mota, ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana jigilar gyaɗa da shanu tsakanin Kano da Jos da Ikko. Bai taɓa zama a aji ba. Turancinsa a bariki da tasha ya tsinto shi, kalma ɗaya nan, ɗaya can, kuma yana son kayansa. Da safe sai ya zo teburin Ɗan'azumi mai shayi ya ƙame ya ce, "Gudu monin, eburibodi." Idan ya shanye shayinsa ya kife kofi ya ce, "Pinish."

Baba Dogara aminin mahaifin Haladu ne. Bayan rasuwar mahaifin, shi ne yake ɗora Haladu da akwatinsa a gaban mota ya kai shi makaranta duk farkon zango. Amma sabon ilimi yana da wani irin ɗumi a kai, yakan sa mutum mantuwa.

Wata safiya teburin shayi ya cika, Baba Dogara ya kife kofi ya faɗi kalmarsa kamar kullum. Haladu ya ajiye burodin da ke hannunsa.

"Baba, don Allah ka rinƙa tausaya wa kunnenmu. Finish ake cewa. Ka ɗora haƙoranka na sama a kan leɓen ƙasa, sannan ka hura iska."

Baba Dogara ya wangale baki ya nuna masa giɓin da ke gaba. "Malam, haƙoran da za a ɗora ɗin na baro su a hanyar Lakwaja tun kana rarrafe. Sai dai ko ka ara mini naka."

Wuri ya kwashe da dariya, har Ɗan'azumi ya zubar da madara. Haladu ya ga dariyar ba a ɓangarensa ta faɗa ba, ransa ya ɓaci.

Ya ce, "Irin wannan ne ya sa ake raina mu. Mutum bai iya abu ba, kuma ya ƙi yin shiru."

Dariya ta ɗauke. Baba Dogara ya yi ɗan murmushi, ya ɗauki sandarsa ya tafi. Ɗan'azumi ya dubi Haladu ya ce a hankali, "Malam, babanka ne fa."

"Ni gyara na yi, ban zagi kowa ba," in ji Haladu, ya hau kekensa.

A cikin rani na shekarar ne wani kamfanin gina hanya ya iso da manyan motocinsa, zai haɗa ƙauyukan yankin da babban titi. Kowa ya yi murna. Matasa suka samu aikin lebura, mata suka samu kasuwa. Inna Turai, mahaifiyar Haladu, ita ma ta fara kai wa ma'aikata ƙosai da kunu kullum da hantsi.

Sai dai akwai wani abu da ya hana dattawa sakewa. A arewacin garin akwai dutse. Duk damina ruwan da ya gangaro daga kansa yakan bi ta gindin wata tsohuwar tsamiya, ya kewaye gari ya faɗa rafi. Tun kakanni haka yake yi. To sabuwar hanyar an ɗaga ta sama da cikon ƙasa, za ta gitta tsakanin dutsen da garin kamar katanga. Dole a bar wa ruwa ƙofa a ƙarƙashinta, wato kwalbati.

Masu awo da rani suka zo, ƙasa a bushe, ba su ga ruwa ba balle hanyarsa. Suka kafa turakunsu masu jan fenti can gabas da tsamiyar, wajen taku ɗari biyu, inda suka ga ƙasa ta ɗan yi kwari. Duk wanda ya yi damina ɗaya a garin ya san inda wannan kwarin ya nufa. Kai tsaye unguwar gangare yake shiga, kuma gida na farko da zai tarar shi ne na Inna Turai, gidan ƙasa, da rumbunta biyu a baya.

Dagaci Salihu ya tara mutane a ƙofar gidansa. Ya ce ya yi wa shugaban lebura magana, shugaban kuwa ya ce shi ba ruwansa, abin da aka zana a takarda shi zai bi. Mai ikon canzawa shi ne babban injiniya, wani Bature da yake zuwa duba aiki ranar Laraba. Kuma nan da kwana goma za a fara zuba kankare.

"Wa zai yi masa bayani?" Dagaci ya tambaya.

Baba Dogara ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, na ɗan yi zama da Turawa. In an yarda sai in gwada."

Haladu ya yi dariya, irin wadda ake yi ta hanci. "Ranka ya daɗe, maganar gidan mahaifiyata ake yi. Turancin tasha ba a kai shi gaban injiniya. Yana buɗe baki Baturen nan zai ɗauka duk garin jahilai ne. A bar mini wannan aiki."

Dagaci ya dubi Baba Dogara. Dattijon ya ce, "Gaskiyarsa, ranka ya daɗe. Shi ya yi karatu. Allah ya ba shi sa'a."

Kwana uku Haladu ya yi yana rubuta jawabi. Da an tashi daga makaranta sai ya shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki, ƙamus a dama, takarda a hagu. Duk kalmar da ya ga ta yi gajarta sai ya nemo mata yayarta mai tsawo. Ya cika shafi huɗu. Sannan ya tsaya gaban ɗan madubinsa yana gwada furuci, yana murɗa baki irin na masu karanta labarai a rediyon Landan, har kajin gidan suka daina kula shi.

Ranar Talata da yamma ya karanta wa Inna Turai. Da yake ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa. Tana tankaɗe garin wake tana saurare har ya kai ƙarshe, ba ta gane ko kalma ɗaya ba.

Ta ce, "Kai, da daɗi a kunne. To me ka ce a farko?"

"Maraba na yi masa, Inna."

"Na biyun fa?"

"Tarihin garinmu, da godiya ga hukuma."

"Na uku?"

"Yabon aikinsu ne."

Ta dakata da tankaɗen. "Maganar ruwan fa tana ina?"

"Tana shafi na huɗu."

"Ka dawo da ita farko mana."

"Haba Inna, ai ba a fara wa babban mutum da roƙo. Sai an gaishe shi, an yabe shi, zuciyarsa ta yi sanyi. Ko wajen Hakimi aka je ai haka ake yi."

"Hakimi yana zaune ne a kan shimfiɗarsa," in ji ta. "Wannan kuwa na gan shi sau biyu, ko zama ba ya yi."

Haladu ya yi murmushi irin na wanda ya san abin da wasu ba su sani ba, ya ninke takardunsa.

Ranar Laraba da hantsi rabin gari ya hallara a bakin aiki. Rana ta take, ƙarar katafila ta cika wuri. Inna Turai tana gefe da kaskon ƙosanta da bokitin ruwan wanke kwanuka. Haladu ya sha farar riga mai guga, har da ɗamara a wuya, gumi yana bin bayansa.

Can sai ga farar Landiroba. Baturen ya diro, gajere ne mai tumbi, da gajeren wando da hular kwano, wuyansa ja jawur saboda rana. Shugaban lebura ya raɗa masa cewa mutanen gari suna da magana. Ya dubi agogo, ya gyaɗa kai.

Haladu ya matso, ya buɗe shafi na farko ya fara.

Jama'a, a faɗi gaskiya, ranar Turanci ya zuba. Kalmomi suna fitowa dogo-dogo, kowace da kanta da jelarta. Mutanen gari suna ta gyaɗa kai, wasu har suna cewa madalla, ko da yake ba wanda ya san inda aka dosa. Baturen ya yi murmushi a shafi na farko. A na biyu ya dubi agogo. A na uku ya fara leƙen wani lebura da yake juya siminti ba daidai ba.

Da Haladu ya tsaya ya juya takarda, sai Baturen ya ɗauka an gama. Ya tafa hannu, ya kama hannun Haladu ya girgiza, ya faɗi wata magana da sauri, kowace kalma da ɗan wasali a ƙarshenta kamar mai rera waƙa.

Haladu bai gane ba. Ya ce a maimaita. Baturen ya maimaita, bai gane ba. A karo na uku ne ya tsinci kalma ɗaya, "happy", ya fahimci cewa tambaya yake yi ko mutanen gari suna farin ciki da hanya, sai dai ya cinye harafin farko na kalmar ɗungurungum.

To a nan ne hali ya yi halinsa. Kafin Haladu ya yi tunani, bakinsa ya riga shi. Ya ɗaga yatsa, ya furta wa Baturen kalmar yadda take a ƙamus, a hankali, har sau biyu, kamar yadda yake yi wa 'yan aji uku.

Fuskar Baturen ta ƙara ja a kan jan da take da shi. Ya saki hannun Haladu, ya juya ya shige mota ya rufo ƙofa.

Shugaban lebura ya matso kusa da Haladu ya ce, "Malam, me ka yi haka? Mutumin nan ɗan ƙasar Italiya ne. Shi ma koyon Turancin ya yi, kuma bai kai ka ba. Duk abin da ka karanta ko rabi bai kama ba."

Direba ya tayar da mota. Haladu yana tsaye da shafi na huɗu a hannu, bai karanta ko layi ɗaya daga ciki ba. Ya waiga ya ga Inna Turai ta miƙe tsaye, matsamin ƙosai a hannunta, tana kallon motar. Bai taɓa jin tsoro da kunya sun haɗu masa lokaci guda irin na ranar ba. Laraba mai zuwa kankare ya riga ya bushe.

Sai ga Baba Dogara ya fito daga cikin mutane, ya tsaya a gaban motar, ya haɗa ƙafa ya sara irin ta soja.

"Oga, wet simol. Wata firobilam. Big wan."

Wato ya ɗan dakata, akwai matsalar ruwa, babba. Baturen ya leƙo ta taga yana ɓata rai, amma ganin dattijo a ƙame ya sa ya ɗaga wa direba hannu.

Baba Dogara bai ƙara wata doguwar magana ba. Ya tsuguna a gefen hanya inda ƙasa ta ɗan yi gangare. Ya tara ƙasa da hannu ya ja ta doguwa kamar kunyar gyaɗa. "Zis wan, rod." Ya ɗauko wani dutse ya ajiye a sama da ita. "Zis wan, hil." Ya kafa ɗan kara a gefe guda ya ce tsamiya ce. Ya ciro kwalin ashana daga aljihu ya ajiye a ƙasa da kunyar, ya nuna Inna Turai da hannu. "Zis wan, mama haus."

Sannan ya sa yatsa ya huda kunyar daidai saitin kwalin, inda turakun jan fenti suke a zahiri. Ya je ya karɓi bokitin Inna Turai, ya dawo ya tsiyaya ruwa a kan dutsen.

Ruwan ya gangaro, ya bugi kunyar, ya bi jikinta yana neman ƙofa. Da ya samu hudar sai ya fita da ƙarfi, ya ɗauki kwalin ashana ya yi gaba da shi.

"Ren kam, wata go hiya," in ji Baba Dogara. "Mama haus, pinish."

Ƙofar mota ta buɗe. Baturen ya sauko ya tsuguna kusa da shi, tumbinsa a kan gwiwa.

Baba Dogara ya toshe hudar, ya tsamo kwalin ya mayar wurinsa, ya yi wata huda a gindin karan. Ya sake zuba ruwa. Wannan karon ruwan ya bi ta gindin karan ya kewaye, kwalin yana zaune lafiya.

Baturen ya karɓi bokitin da kansa ya zuba sauran. Ya bi ruwan da kallo. Sannan ya miƙe ya ce, "Sho mi."

Suka ɗunguma zuwa gindin tsamiya, jama'a na biye. Baba Dogara ya nuna masa yashin da ruwa ya tara, da saiwoyin da ya tone, da layin da ya bari a jikin duwatsu har kusan ƙugun mutum. Suna ta magana, shi da Turancinsa na tasha, Baturen da nasa mai waƙa, inda kalma ta ƙare hannu ya ƙarasa. Har dariya suka yi tare a kan wani abu da ba wanda ya san ko mene ne. Haladu yana can baya, ya kwance ɗamarar wuyansa ya cusa a aljihu.

Da suka dawo wajen mota Baturen ya yi wani bayani, Baba Dogara ya juya wajen Dagaci.

"Ranka ya daɗe, ya ce ya yarda, masu awo sun yi kuskure. Amma ba shi da ikon canza zane da baki. Sai an rubuta takarda daga gari ya haɗa da tasa ya kai ofishinsu na Kano. Kuma yanzu yake so, don daga nan can ya nufa."

Haladu ya sunkuyar da kai. Ya san abin da ya cancanta, a ce shugaban lebura ya rubuta, shi kuma ya koma gida da ƙamusunsa.

Sai ya ji Baba Dogara ya dafa kafaɗarsa ya jawo shi gaba, yana ce wa Baturen, "Zis wan, mai son. Ticha. Beri gud buk."

Ɗana ne, malami ne, ya san littafi ƙwarai. Haladu ya gane kowace kalma, kuma babu wadda ya ji sha'awar gyarawa. Idanunsa suka ciko.

"Rubuta, Malam," in ji Baba Dogara. "Ni baki gare ni, alƙalami naka ne."

Haladu ya juya bayan shafi na huɗu ya ɗora a kan murfin injin mota. Hannunsa ya fara jawo wata doguwar gaisuwa kamar yadda ya saba. Baba Dogara ya ga layi yana ta tafiya bai tsaya ba, ya ce, "Me ka ce a nan?"

"Gaisuwa ce, Baba."

"Ai mun gaisa. Abin da na zuba a ƙasa shi za ka zuba a takarda."

Haladu ya soke. Ya rubuta layi biyar. Ruwa daga dutse yake zuwa. Ta gindin tsamiya yake bi. Kwalbatin da aka auna zai kai shi cikin gidaje. Muna roƙo a mayar da shi gindin tsamiya. Mun gode.

Dagaci ya sa hannu da ajami. Baturen ya karanta sau ɗaya, ya gyaɗa kai, ya dubi Haladu ya ce, "Gud." Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, mota ta tashi.

Kwana takwas ba labari, sai dai ba a zuba kankaren ba. Turakun jan fenti suna nan inda suke, kullum Haladu sai ya bi ta wajen kafin ya wuce makaranta. Hadari ya fara leƙowa ta gabas da yamma. A cikin kwanakin nan ko mutum ɗaya bai gyara wa magana ba, har mai facin keke ya tambaya ko Malam ba shi da lafiya ne.

Rana ta tara aka ga lebura sun tumɓuke turakun sun kai gindin tsamiya. Aka gina kwalbati mai baki biyu, wanda babban mutum zai iya shiga a sunkuye.

Duk da haka hankalin Inna Turai bai kwanta ba. Ta ce ita ba ta yarda da siminti ba sai ta ga ruwa ya gwada shi. Ta ƙulle tufafinta da kwanukanta a zannuwa ta ɗora a kan gado, ta ce in ta ɓaci a ɗauka a gudu.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka wata Asabar bayan azahar. Aka yi ta tafkawa kamar da bakin ƙwarya. Haladu ya tsaya a ƙofar zaure yana kallon kwarin da ke gabas. Can ya ji rugugin ruwan dutse ya taso. Ya saurara. Ƙarar ta yi yamma, wajen tsamiya, ta kewaye ta yi rafi. A ƙofar gidansu ba abin da ya wuce sai ɗan ruwan indararo.

Ya shiga ciki ya ce, "Inna, ya wuce."

Ta yi hamdala. Ta sauko da ƙullin kayanta ɗaya bayan ɗaya ta kwance. Da ruwa ya tsagaita ta sa aka yanka zakaranta, ta yi tuwon dawa da miyar kuka, ta zuba a babban kwano mai murfi.

"Ungo, kai wa babanka. Da hannunka, ba aike ba. Kuma ban ce ka hau keke ba."

Haka Malam Haladu ya ratsa gari a ƙasa, cikin taɓo, da kwanon tuwo a hannu biyu. Mutane suna dawowa daga kallon kwalbati suna ba shi hanya.

Ya tarar da Baba Dogara a zaurensa yana gyara wata tsohuwar fitila. Ya yi sallama, ya ajiye kwanon, ya cire takalmi ya durƙusa.

"Baba, na yi maka rashin kunya a gaban mutane, ba sau ɗaya ba. Kai kuma ka rufa mini asiri a gaban mutane. Ka yafe mini."

Baba Dogara ya buɗe kwanon ya leƙa. "Har da zakara. Lallai Turai ta ji tsoro." Ya rufe, ya dubi Haladu. "Tashi ka zauna. Na yafe tun a ranar. Kuma kada ka ce za ka daina gyara, don jiya na ji an ce ka zama kurma. Yaran garin nan suna bukatar wanda ya iya na gaskiya."

"Ni yanzu kunyar buɗe baki nake ji, Baba."

"To ka fara da ni. Shekara talatin ina son in san yadda ake faɗin abubuwan nan daidai, ban samu wanda zan tambaya ba tare da ya yi mini dariya ba. Ka rinƙa zuwa bayan la'asar. Amma a nan zauren, ni da kai, ba a teburin shayi ba."

Haladu ya ce, "In sha Allahu, Baba."

Dattijon ya tura masa ruwan wanke hannu. "Matso mu ci tun da zafi. Gidan uwarka yana tsaye, yau ba ranar kuka ba ce."

Darasi: Iya harshe baiwa ce, kuma gyara kuskure abu ne mai kyau. Amma an yi magana ne don a fahimci juna, ba don a kunyata juna ba. Wanda kake yi wa dariya saboda furucinsa wataƙila ya san abin da ba ya cikin littafinka, kuma wata rana shi zai tsaya maka. In za ka gyara wa mutum, ka ja shi gefe, ka yi da ladabi, musamman in ya girme ka. Idan labarin nan ya tuna maka da wani Malam Ƙamus, ko da kai ne da kanka, tura shi ga 'yan uwa da abokai su ma su ƙaru.